Guzurin Jirgin da Bai Taɓa Tsayawa Garinmu Ba



A duk faɗin gundumar Magarya da ta Dungas babu ko taku ɗaya na titin jirgin ƙasa. Ka tashi daga Sasumburum, ka bi ta Bande da Waca har ka dangana da Malawa, ba za ka tsallake ƙarfen dogo ba. Muna da gari sukutum mai suna Dogo-Dogo, amma dogon kansa ko na magani babu. Duk da haka, in ka zauna da dattawanmu da suka haura shekara 70, sai ka ji suna jero maka Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Ikko, ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe, kamar masu lissafa ƙauyukan hanyar Damagaram. Sunayen tashoshin jirgi ne, kuma da ƙafarsu suka taka su.

Da hutun da ya wuce na yi ta zama da kakana na wajen uwa da sa'o'insa ina jan su da hira a kan wannan jirgi. Abin da na lura da shi, in suka fara ba da labari, rabin zancen ko fiye a kan shiri yake ƙarewa: abin da aka sayar, abin da aka ɗaure, wanda aka yi wa sallama, inda aka yi canjin kuɗi. Shi zaman cikin tarago kaɗan ne a bakinsu. Da na koma ga littattafan tarihi sai na gane dalili. Mutumin da tashar jirginsa ke cikin ƙasar wasu, shirinsa biyu ne, akwai na hanya, akwai na iyaka. Shi ya sa nake ganin in muka kwance ƙunshin matafiyin Magarya muka duba kayan ciki ɗaya-ɗaya, za mu karanta tarihin yankinmu na shekara ɗari da ɗoriya.

Yadda dogo ya tsaya Kano

Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Kafin zuwan Nasara ƙasarmu kan hanya take. Ayarin da ke tasowa daga Kano zuwa Damagaram, da Agadas, da Gat, har Tarabulus a bakin bahar, ta wannan yanki yake ratsawa da fatu da turkuɗi da gashin jimina. Sarautar Magarya kuma jininta ɗaya da gidan Daura, kamar Zango da Ɓaure. A wancan zamani wanda zai je Kano ba wanda ke ce masa ya tafi wata ƙasa.

Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai wakilan ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908, wani hafsa mai suna Tilho ne ya jagoranci ɓangaren Faransa. Zango da Ɓaure suka faɗa hannun Ingila, Magarya da Dungas suka faɗa hannun Faransa. Shekara uku kacal bayan wannan, a 1911, jirgin ƙasa na farko ya shiga Kano ta layin da aka jawo daga Baro, a bakin kogin Kwara. A 1912 aka buɗe hanya sosai tsakanin Kano da Ikko, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. A cikin 1911 ɗin nan dai Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Kun ga ke nan a shekara guda ƙofar arewa ta soma rufewa, ta kudu ta buɗe. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ketare hamada da shi, jirgi na kai shi bakin teku cikin ƴan kwanaki. Fataucin hamada bai sake komawa yadda yake ba.

To su Faransawa fa? Sun daɗe suna mafarkin shimfiɗa dogo daga Aljeriya ya ratsa Sahara. Tun 1880 suka aiko da ayarin Flatters don auna hanya, Buzaye suka hallaka shi a hamada a 1881. A 1941 gwamnatin Vichy ta sake tayar da maganar, aka ɗan taɓa aiki a can arewa, aka watsar. Dogon da suka ja daga Kwatano kuwa, a Paraku ya cije a 1936, bai ko kai kogi ba. Sa'an nan a 1926 suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Daga Magarya zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne, alhali zuwa Kano bai kai 200 ba. Saboda haka tasharmu ta zama Kano, ko mun so ko mun ƙi. Su kansu ma'aikatan Faransa da ake turowa Damagaram, da yawansu ta Ikko suke sauka, su shigo jirgin Ingilishi zuwa Kano, kana su hau doki ko mota.

A 1930 aka buɗe reshen Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Ringim, da Gagarawa, da Malam Madori. Wannan shi ya matso da dogo kusa da mutanen Dungas. Mutum ya fita ta Maigatari, ya bi ta Gumel, sai ga shi bakin tasha ba sai ya kai Kano da ƙafa ba.

Gyaɗa ta riga mu shiga

In za a faɗi gaskiya, ba don mu aka yi jirgin nan ba, don kaya aka yi shi. Ingilishi auduga suka sa wa rai, sai manoman Kano suka ba su mamaki da gyaɗa tun daga 1912. Daga baya noman ya hauro iyaka, ƙasar Magarya da Matamai ta zama cibiyar gyaɗar Nijar. Raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, su ke kwasar buhuna zuwa Kano, a tara su dala-dala ana jiran tarago. Da cunkoso ya yi yawa a Kano, a shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle don karkata wani kaso ta Paraku, amma gyaɗar gabas mafi yawanta ta Najeriya ta ci gaba da fita. Bayan samun mulkin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, aka kuma gina masana'antar matsar mai a nan Magarya.

Me ya haɗa wannan da shirin tafiya? Ai shi ne tushensa. Kuɗin tikiti daga gyaɗa yake fitowa, lokacin tafiya ma gyaɗa ke tsai da shi. Ba mai hankalin da zai bar gona da damina. Sai an cire, an sussuke, an kai sikeli, an biya lanho, an zuba hatsi a rumbu, sa'an nan magidanci ya soma maganar cin rani. Motar da ta ɗauko buhuna ita ce kuma ke ɗaukar matafiyi, a can bisa kaya, yana riƙe da igiya. Wanda bai da kuɗin mota sai ya bi ƴan jakuna ta Tinkim, da Babban Mutum, da Ɓaɓura, da Ɗambatta, a yi kusan mako ana taka sayyada. Watau kafin mutumin Magarya ya ji usur ɗin jirgi, ya riga ya yi wata tafiyar da ta isa a kira ta tafiya.

Abin da ke cikin ƙunshi

Abu na farko kuɗi, kuma kuɗin iri biyu. A wajenmu faran ne, wanda ya zama sefa daga Disamba 1945. A can kuwa fam ne da sule da sisi da taro da kwabo, har zuwa 1 ga Janairu 1973 da aka fito da naira. Mai sayar da tikiti a Kano bai san dala ba, bai san jikka ba. Dole a bi ta wajen ƴan canji, ko a kasuwar iyaka irin ta Maigatari da ke ci ran Alhamis, ko a Kano. Masu wayo ba su ɗaukar kuɗi tsaba. Sai su sayi rago ko akuya ko buhun wake a gida, su sayar a can, kuɗin ya canza kansa har da riba. Abin da aka samu a raba shi uku: kaɗan a aljihu don ruwa da ƙosai, babban kaso a lalita a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga, sauran kuma uwargida ta ɗinke shi cikin bakin wando ko cikin hula. Kakana ya ce mini wannan na ukun sunansa kuɗin komowa, kuma ko yunwa za ta kashe mutum ba ya farke ɗinkin sai ran da ya juyo gida.

Abu na biyu takarda. A zamanin Nasara fita ba ta da sauƙi, don kwamanda yana bukatar mutane: na lanho, na soja, na aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Mutane da dama sun tsallaka ƙasar Ingilishi ne don gudun waɗannan, wasu ƙauyuka ma ɗungurungum. Saboda haka tafiya iri biyu ce. Akwai mai fita da rana da takardar shaidar ya biya lanho, akwai mai fita da dare ta hanyar gona, wanda ko maƙwabcinsa bai sani ba. Bayan mulkin kai sai katin shaida ya shigo, da duwan, da jandarma, da ƴan sandan wancan gefe. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a kan yarjejeniyar walwalar jama'a. Amma dattawa sun ce takardar da ta fi yi musu aiki ita ce bakinsu. Mutumin Magarya in ya buɗe baki a Kano, wa zai bambanta shi da na Daura? Sai dai in ya yi suɓul da baka ya ce lakwal maimakon makaranta, ko ya ƙirga kuɗi da dala.

Abu na uku guzuri, kuma nan ne aikin mata yake. Kwana biyu ko uku kafin tashi gida ya kaure da daka da suya. Ƙa'idar guda ce: abin da ba ya lalacewa, ba ya bukatar wuta, ba ya da nauyi. Ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da garin gero da aka soya aka haɗa da yaji, da dabino, da ƴar tsamiya. Mai hali ya ƙara da kilishi ko dambun nama. Fura ta ranar farko ce kaɗai, don ba ta kwana biyu cikin zafin tarago. In an gangara kudu sai a sayi garin rogo a jiƙa da ƙuli-ƙuli. Dalilin wannan tanadi biyu ne. Na ɗaya, abincin tasha yana cin kuɗi. Na biyu, daga Jabba zuwa gaba bakon bai san hannun da ya yanka naman ba, cikinsa kuma bai saba da manja ba. Goro kuwa ba a barin sa, ko ga wanda ba ya ci, don shi ke buɗe bakin maƙwabcin zama, shi ke tausasa ɗan dako.

Abu na huɗu kayan ibada da na kwanciya: buta, da gorar ruwa, da buzu ko ƴar tabarma, da tasbaha, da bargo. Wanda bai taɓa tafiya ba yakan raina bargo, sai hunturu ya same shi da asuba tsakanin Zariya da Kaduna, iska na shigowa ta taga. Akwai kuma shirin da ba a ɗaure shi cikin ƙunshi. Mutum yakan je wajen malaminsa ya tambayi hukuncin sallar ƙasaru, da haɗa salloli, da taimama in ruwa ya yanke, da yadda zai yi da alƙibla cikin abin da ke juyawa. Malam ya yi masa addu'a, wani ya ba shi rubutu ya sha, wani laya. Yawancin mutanenmu a bakin tafiyar jirgi suka fara koyon wannan babi na Ishmawi da Iziyya a aikace.

Abu na biyar, wanda dattawa suka ce ya fi duka, shi ne sunan mai masauki. Ba a shiga jirgi sai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A Badun akwai unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916. A Ikko akwai Agege da Idi-Araba da Obalende. Kowane yanki na da mai gidansa, wanda ke saukar da baƙi, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu wajen ciniki, ya nema musu aikin gadi ko dako ko ga-ruwa. Da yake yawanci ba su yi boko ba, haddace adireshin ake yi kamar karatun allo, ko malam ya rubuta shi da ajami a ƴar takarda a naɗe cikin hula. Tare da sunan akwai saƙo: wannan ta ba da daddawa a kai wa ɗanta, wancan ya ce a gaya wa ƙanensa an sa ranar auren ƴarsa. Matafiyi ɗaya yakan zama gidan waya na ƙauye guda.

Daga ƙarshe sallama. A bi dangi gida-gida a nemi gafara, a faɗi bashin da ake bin mutum da wanda yake bi a gaban shaidu, a damƙa iyali hannun wa ko ƙane, a nuna wa uwargida iyakar inda hatsin rumbu zai kai. Uwa ta dafa kan ɗanta ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka lafiya ya komo da kai lafiya. Da asuba ake fita, kafin gari ya waye yara su fara kuka.

Daga tasha zuwa tarago

Isa Kano ba shi ne shiga jirgi ba. Sau da yawa sai an kwana ɗaya ko biyu a Fagge ko a harabar tasha ana jira. Tikiti aji-aji ne, na ɗaya, na biyu, na uku, mutanenmu kuwa na uku suka sani, mai bencin katako. Ba a shiga a ɗaiɗaice. Ƴan gari ɗaya sukan haɗa kai, a tura mai ƙarfi ya kutsa ya kama wuri, sauran su miƙa kaya ta taga. In dare ya yi a raba barci, wasu su kwanta wasu su tsare kaya, don ɓarayin jirgi sun san inda lalita take kwana.

Titin siriri ne, faɗinsa mita ɗaya da ƴan kai, kuma layi guda ne, saboda haka sai jirgi ya tsaya a wata ƴar tasha cikin daji yana jiran na gaba ya wuce. A zamanin da ake hura kan jirgi da kwal ɗin Inugu, farar riga ba ta isa Kaduna da farinta, shi ya sa ake tafiya da tsohuwar riga, a ɓoye ta kirki sai an sauka. A Kaduna hanya ke rabuwa: mai zuwa Inugu da Fatakwal ya bi ta Kafancan da gadar Makurɗi, wadda aka buɗe a 1932, mai zuwa Ikko ya bi ta Minna. A Jabba ake ketare Kwara. Kafin a gama gada a 1916, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragai a haye da su. Duk dattijon da na tambaya, wannan wuri ya fi tsaya masa a rai. Mutumin da ya tashi yana jan guga a rijiya, iyakar ruwan da ya sani tafkin damina, yau ga shi bisa ƙarfe, ruwa ƙarƙashinsa iya ganin ido. Sun ce tarago kan yi tsit, sai salati.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa zama a benci ba, su ne masu rakiyar shanu. Dabbobin da aka saya a kasuwannin iyaka akan loda su a Nguru ko Kano zuwa mahautan kudu. Ɗan rakiya cikin taragon shanun yake kwana da sandarsa, aikinsa ya hana wadda ta gaji kwanciya, don in ta kwanta sauran za su tattake ta. Da wannan wahala samari da yawa suka fara ganin Ikko ba su biya ko kwabo ba, suka komo da huhun goro.

Doguwar tafiya ta gabas

Duk wannan shiri wasa ne in aka gwada shi da na mai niyyar Makka ta ƙasa. Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyaci kan bi ta Borno, ya shiga Cadi ta Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, ya wuce Abeshe, ya faɗa Darfur. Dogon Sudan ya isa El Obeid tun wajen 1912, ya kai Nyala a 1959. Daga nan ne mai sauran kuɗi zai shiga jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya, ya jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya aikin auduga a gonakin Jazira, shekara ɗaya, biyu, goma. Wasu can suka yi aure suka hayayyafa, jikokinsu na Sudan har gobe. Shi ya sa mai wannan niyya yakan yi wasiyya, ya raba abin da zai raba, wani ma ya ba matarsa zaɓi. A nan shirin shiga jirgi ya zama ɗaya da shirin barin duniya.

Yadda jirgin ya tsufa

Abubuwa da dama suka taru suka raba mu da jirgi. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya noman da ke biyan tikiti, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, motoci suka fi jirgi sauri, hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ta yi ta lalacewa.

Sa'an nan iyaka ta nuna mana haƙoranta. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, ƴan Nijar da yawa suka komo da abin da hannu zai iya ɗauka. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki ta sauya launin naira, wanda ke da tsohuwar naira a lalita a wannan gefe ya wayi gari da takardar banza. Shekarar ta zo da fari, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986. Mu ma a zamaninmu mun gani: an rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO. Darasin da kakanninmu suka ɗinke cikin bakin wando bai tsufa ba: wanda tasharsa ke bayan iyaka, kada ya taɓa kuɗin komowa.

An farfaɗo da jirgin Ikko zuwa Kano a Disamba 2012, sau ɗaya a mako, tafiyar sa'a 30 ko fiye. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, amma harin da aka kai masa ran 28 ga Maris 2022 ya ƙara wa matafiyi wani shirin da kakanninmu ba su sani ba, watau tambayar lafiyar hanya kafin sayen tikiti. A ƙasarmu kuwa, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, tsakanin 2014 da 2016. An yi biki, an ɗauki hoto, amma bai zama abin hawan talaka ba.

Sabon dogo, tsohuwar tambaya

A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, aka ba kamfanin Mota-Engil aikin. Zai bi ta Ɗambatta, da Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya. Ku duba taswira da kyau. Layin zai shigo Nijar, amma ta Maraɗi. Mu tashar da za ta fi kusa da mu ita ce Daura ko Kazaure, watau har yanzu bayan iyaka. Abin da ya faru a 1911 da 1930 shi ne zai sake faruwa: dogo zai matso, ya tsaya inda za mu ji ƙararsa, ya bar mana sauran tafiyar.

Ni a ganina wannan ba abin zama a yi ta ƙorafi ba ne, abin shiri ne, kuma shirin ya wuce na ƙuli-ƙuli da buta. A karon farko jirgi ya same mu ba mu da ta cewa: wasu suka sa farashin gyaɗa, wasu suka riƙe sikeli, mu muka hau bisa buhu. In wannan ya zo, me Magarya da Dungas za su loda masa? Wake da riɗi da dabbobi muna da su, amma wa zai sarrafa su kafin su fita? Hanyar Tinkim da ta Maigatari za su ɗauki nauyin? Ƙannenmu da ke tafiya cin rani suna da takardar haihuwa da katin shaida, ko har yanzu da baki za su shiga? Cikinmu nan wa ke karatun da zai sa a ɗauke shi aiki a tasha, ba dako kaɗai ba? Waɗannan tambayoyi namu ne mu ƴan lakwal, mu kai su gaban magadan gari da sarakunanmu tun ƙarfe bai iso ba, don tun ran gini ake zane.

Ina kuma roƙon kowane ɗan wannan ƙungiya, in ya je gida hutu, ya ɗauki alƙalami da littafi ya zauna gaban wani dattijo ko wata tsohuwa da ta taɓa daka guzurin jirgi. Ya tambayi shekara, da hanyar da aka bi, da abin da aka sayar, da gidan da aka sauka. Masu wannan sani suna ƙarewa ɗaya-ɗaya, kuma ba a rubuta su cikin rahoton kwamanda ba. In muka tara abin da muka samu, fitowa ta gaba sai mu buga shi da sunan ƙauyukansu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su komo ba, ya ƙara wa sauran lafiya, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalamu.